Baitin da Dije ta manta

Ranar da jikata Nafisa ta ce mini ita fa yanzu mawaƙiya ce, sai da na dube ta sama da ƙasa, sannan na tambaye ta ina turminta. Ta yi ta dariya har tana dafe ƙugu, ga shi lokacin cikinta ya tsufa. Ta ce, "Kaka, wane turmi kuma? Rubutawa muke yi, mu karanta a taro, a sa a waya mutane su ji." Na ce to madalla, Allah ya ba da sa'a. Amma a raina na yi ta mamakin yadda mace za ta zauna a kujera, hannunta ba taɓarya, bayanta ba goyo, gumi bai karyo mata ba, kuma a ce waƙa ta zo mata. Mu inda muka tashi, waƙar mata ba ta zuwa sai hannu na aiki.

Da ta ga ban gamsu ba sai ta zauna bakin tabarmata ta kunna mini wayar. Ashe su da yawa ne, 'yan mata da matan aure, wasu a nan Kaura, wasu a Shinkafi, wasu ma ban san garinsu ba, kowace da muryarta. Wata ta yi a kan naƙuda, ta bi ta daki-daki har na ji bayana ya amsa. Wata ta yi a kan uwar da ta baro ƙauye a kan babur, yaro a gaba, yaro a baya, tukunya a cinya. Wata kuma a kan macen da ke shiga aji da goyo, tana rubutu tana jijjiga. Ba kiɗa, ba amshi, wasu layukan ma ƙarshensu ba ya haɗuwa, amma ba zan yi musu ƙarya ba, yaran sun iya magana. Ina cikin gyaɗa kai sai wata ta fara yi wa ɗanta na fari. Ta kira sunansa ɓaro-ɓaro, ta sake kira, ta ce tana son sa, ta ce shi ne sanyin idonta, ga kuma tafin maza ana ji a wurin. Ban san lokacin da na ja mayafi na rufe fuska ba. Yarinyar nan ban san ta ba, ban san uwarta ba, amma ni na ji mata kunyar.

Nafisa ta yi ta tsokanata, wai na ji kunyar waya. Ba laifinta ba ne, ba ta tarar da abin da ƙarfinsa ba. A zamaninmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ya fasa baki sai dai ta kau da kai ta ce wa wata, ku duba yaron can. In an yaye shi kuwa kaka ce ke ɗauka. Mu ba mu ɗauke shi mugunta ba, ado ne, da shi ake gane 'yar gidan mutunci. Macen da ta yi sake aka ji sunan ya fito daga bakinta, to ta ba mata abin hira har shekara ta zagayo. Ni kuwa 'yar fari ce. A Dauran aka haife ni, aka yaye ni a ɗakin kakata ta wajen uwa, wadda muke ce wa Iya, gidaje kaɗan ne tsakaninta da gidan ubana. Kullum ina ganin uwata, amma a bakinta ni ce "ke", ni ce "waccan", in ta so karrama ni ta ce "ɗiyar Iya". Ni kuma Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗa. Sai da na yi wayo sosai sannan na gane ita ta haife ni.

Wanda bai kwana a Dauran ta wancan lokaci ba bai san yadda gari ke farkawa ba. Ana fitowa daga masallaci turmi zai ɗauka. Gida ɗaya ya fara, na kusa ya amsa, kafin hantsi duk garin ya kama. Muna iya faɗin turmin kowane gida ba mu gan shi ba: na gidan maƙera sautinsa mai kauri ne, na gidan Malam yana da tsaga a gindi, in an buga sai ya fita da 'yar rawa. Daga sussuka a shiga surfe, a wanke, a shanya, a dawo a daka, a tankaɗe, a mayar da tsaki turmi. Aikin ba ya ƙarewa, kuma ba a yin sa da baki rufe. Yanzu fa? Injin unguwarmu in ya tashi ko ihu ka yi ba mai jin ka, yara su jera robobi a layi su tsaya suna latsa waya. Ban ce a dawo da daka ba, Allah ya sani kafaɗuna sun huta, har yau in sanyi ya shigo suna tuna mini. Sai dai da turmin zai tafi bai tafi shi kaɗai ba, ya tafi da maganar da mata ke zubawa a cikinsa.

Don a bakin turmi mace ke faɗin abin da ba ta faɗa a ɗaki. In maigida ya yi rowar cefane a turmi zai ji, yana zaure yana jan carbi kamar ba da shi ake ba. In damina ta yi kyau a turmi ake godiya. Amma abin da ya fi yawa shi ne yabon 'ya'ya. Kowace uwa tana da baitin kowane ɗa, ta kira sunansa, ta faɗi halinsa, ta haɗa tsiya da addu'a, sauran mata su amsa. Kuma duk unguwarmu ba wadda ta kama ƙafar uwata. Ita ba ta maimaita na wasu, taɓarya na sauka magana na zuwa mata. Ƙanena mai bi mini yana da baiti a kan ƙaton kansa da ya hana hula zama. Ƙanwata tana da nata a kan wushiryarta. Kai, har akuyarmu mai satar dusa tana da baiti, yara na bin ta da shi a lungu. Ni kaɗai ce ba ni da ko layi ɗaya. In na kawo saƙon Iya na tarar ana yi, sai in tsaya jikin danga ina jira ko za a zo kaina. Uwata ta bi ƙannena ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa akuya, ta koma farko. Abin yana ci mini rai ba kaɗan ba, don a hankalina na yarinta, wanda ba ya cikin waƙar uwarsa ba ya cikin zuciyarta.

Wata rana na kasa daurewa, na sami Iya tana kaɗi a inuwar rumbu.

Na ce, "Iya, mi niy yi ma Yaya? Ko akuya ta hi ni?"

Ta ajiye mazari ta ƙura mini ido. "Ke, rufe man baki. Wa yag gaya maki ana waƙe ɗiyar hwari? So kika yi a ce ban koya ma ɗiyata kunya ba?"

"To ke ki yi man."

"Ni muryata ta tsuhwa. Tashi ki ɗebo man wuta."

Haka Iya take, duk tambayar da ta fi ƙarfinta da aike take amsa ta. Na tashi na ɗebo wutar ina hawaye, ta ce hayaƙi ne, na bar ta a haka.

A ɗakin Iya akwai autarta Dije, ƙanwar uwata, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba amma tabarma ɗaya muke kwana. Dije ƙarfi, Dije murya, in ta yi guɗa a gidanmu ana ji a bakin gulbi. Abu ɗaya Allah ya hana ta, kanta ba ya riƙo. A aike ta sayen kanwa ta dawo da gishiri, ta kuma rantse gishiri aka ce. A wurin daka amshi kawai take yi, shi ma sai an fara mata. To bayan maganata da Iya ba da daɗewa ba sai uwata ta tsiri kiran Dije, yau ta zo ta yi mata tsifa, gobe ta zo ta taya ta gyaran wake. Su koma bayan rumbu su daɗe. In Dije ta dawo sai in ga tana ta motsa baki ita kaɗai, tana lissafi da yatsu, in na matso ta yi shiru. Da yake lokacin samari sun fara yi mata sallama, na ɗauka wata addu'ar farin jini aka ba ta.

Ana nan aka yi haihuwa a gidan Malam. Sunan gidan Malam kuwa ba ƙaramin abu ba ne, har daga Zurmi ake zuwa. Ana gobe suna duk matan unguwa suka hallara dakan fura da na tuwo. Aka jera turame a gindin tsamiya, kowane turmi mata uku, wani huɗu. Mu yara muna ɗauke da faifai da ƙwarya, muna kai gero muna kwaso gari. Wanda bai ga lugude ba ya yi asarar kallo. Taɓaren na shiga turmi ɗaya bi da bi ba su taɓa juna, wannan ta sauke, wannan ta ɗaga, mai gwaninta ta cilla tata sama ta tafa ta cafe ba ta ɓata bugu ba. Ƙasa na amsawa a tafin ƙafa. Waƙa ta yi ta zagayawa daga turmi zuwa turmi, kowace uwa na jefa nata. Uwata ta yi na mai ƙaton kai, aka sha dariya, ta yi na mai wushirya, aka yi guɗa. Ni dai ina tsaye da faifan gari, na riga na san inda za ta tsaya.

Sai kawai Dije ta yi gyaran murya. Mata suka juyo, don ba a taɓa jin Dije ta ja gaba ba. Ta buɗe wannan maƙogwaro nata ta kira sunana, sunana na yanka, har tsuntsayen tsamiya suka tashi. Sannan ta ɗauko:

Ɗiyar da taz zo da sabon gero,
Ta iske rumbu cike hal baki,
Mai kwana ƙahwa guda waje,
Mai kuka in an daina waƙa,
Ba ta shan nono sai ta riƙe yatsa,
Ranar da anka kai ta gidan Iya...

Mata na amsawa, suna kallona, suna kallon Dije, ana ta mamakin inda ta samo wannan basira. Uwata kuwa tana turmi na gaba, ta ba mu baya, tana daka kamar kurma.

Daga nan kan Dije ya yi halinsa. Ta ce, "Ranar da anka kai ta gidan Iya," ta tsaya. Taɓare na ta sauka, ana jiran ta. Ta sake cewa, "Ranar da anka kai ta gidan Iya," ta ɗaga ido sama kamar a ganyen tsamiya aka rubuta sauran. Gumi ya karyo mata. Ta waiwaya wajen yayarta, yayarta ba ta juyo ba. Da ta ga lugude zai mutu a hannunta sai ta rufe ido ta jefa abin da ya zo bakinta: "Ta ci tuwo ta ƙoshi, ta sha hura ta kwanta!"

Wannan ne uwata ta kasa haɗiyewa. Mace ce da za ka iya zaginta ta yi shiru, amma ba ka ɓata mata baiti ta ƙyale ka. Taɓarya na hannunta, ba ta ko juyo ba, sai muka ji muryarta ta tsaga wurin: "Ba haka ba na, Dije!" Kafin hankalinta ya dawo bakinta ya riga ya tafi:

Ranar da anka kai ta gidan Iya,
Zanen goyo ba a wanke ba,
An ninke an aje ga matashi,
Ƙamshinta na nan, ba shi tashi ba.

Taɓare suka tsaya cak. Na rantse har ƙarar ƙudan zuma a saman tsamiya na ji. Uwargidan Malam, tsohuwa mai bakin tsiya, ita ta fara dawowa hayyacinta. Ta tafa hannu ta ce, "La'ilaha illallahu! Ashe ke ta mai abin! Jama'a, yau ɗiyar hwari anka waƙe muna da rana tsaka!"

Dije kuma, maimakon ta rufa wa 'yar'uwarta asiri, sai ta ƙarasa ta. "Ni dai Yaya sai da nic ce maki kaina ba ya riƙo. Nic ce ki rage shi, kiƙ ƙiya!"

Wurin ya kece da guɗa da shewa. Uwata ta saki taɓarya, ta fizgi faifai daga hannun wata yarinya ta kifa a fuska, ta ruga. Da yake ba ta ganin gabanta sai ta faɗa zauren Malam, ta tarar da maza cike suna ɗaurin goron suna, ta yi kwana ta dawo ta cikinmu, aka ƙara mata wata guɗar, sannan ta shige ɗakin mai jego ta ɓuya bayan gado. Ni kuwa faifan garin da ke hannuna tuni ya zube, kaji sun taru a ƙafata, ban ma sani ba. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan yini ba, ko ranar da na ga Ka'aba sai da na tuna shi, Allah ya yafe mini. Ashe ina ciki. Ashe duk tsayuwar da nake yi jikin danga tana gani da ƙeyarta.

Iya ta ɗaure fuska ta je ta yi wa uwata faɗa a gaban mata, yadda ya kamata uwa ta yi. Muna shiga gida ta zauna ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta, ta dama mini fura ta zuba nono fiye da na kullum. Uwata ta daɗe ba ta yarda mun haɗa ido ba. A bakin rijiya kuwa ta shiga uku, duk wadda ta gan ta sai ta ce, "Ina kwana, an dai wanke zanen?" Har ta yi furfura ana tambayarta, har jikokin waɗanda suka ga abin sun gaji tsokanar ba su san mafarinta ba. Zanen ban taɓa ganinsa ba, ban kuma nema ba. Sunana dai har ta koma ga Allah ban ji shi a bakinta ba. Dije ta faɗi sunan, ita ta ƙarasa baitin, a haka na haɗa su na riƙe.

Da nawa lokacin ya zo aure ya kawo ni Kaura, gidan wani ma'aikacin tashar jirgi, Allah ya jiƙansa. A nan na haifi 'yata ta fari. Na yi mata kunya yadda aka yi mini, har ma na fi uwata, don ni ba a taɓa kama ni ba. Da na yaye ta aka kai ta Galadi wurin uwar mijina, sai da ta isa shiga makaranta ta dawo. Ita ma Yaya take ce mini. Baiti kuwa na yi mata tun a makon yaye, amma a Kaura ba ni da Dije. Baƙuwa ce ni, ba ƙanwa, ba ƙawar da zan ba aron baki. Sai in yi ta yi wa turmi ni kaɗai, in na zo ƙarshe in haɗiye. Yarinya ta girma, ta yi karatu, ta zama malamar makaranta, na samu sauƙi, don tun daga nan "Malama" nake ce mata kamar kowa. Yau a gidanta nake zaune. Ita ke ba ni magani, ita ke yanke mini farce, kanta ya fara fari. Mace ce mai shiru, ba ta taɓa tambayata ko akuya ta fi ta ba. Amma 'yar fari ba ta ɓoye wa 'yar fari irin wannan tsayuwa, na sha ganinta a bakin ƙofa in ina yi wa 'ya'yanta wasa ina kiran sunayensu.

Nafisa 'yar Malama ce. Da ta haihu a gidan ta yi jego, ni ke yi wa jaririn wanka. Wata safiya ina gasa masa cibiya ina 'yar waƙata a hanci, ta tsare ni da tambaya har na ba ta labarin Dije. Ta yi dariya, ta share hawaye, sannan ta dube ni.

"Kaka, ke fa? Kin yi wa Mama?"

Na ce, "Miƙo man man kaɗanya."

Ta ce, "Ni ba za ki aike ni ba. Kin yi ko ba ki yi ba?"

Yaran yanzu ba a kau da su da aike. Ta yi ta naci har na faɗa mata, murya ƙasa-ƙasa, ina duban ƙofa. Ta ce ranar suna za ta karanta waƙar da ta rubuta a kan uwa, ita da ƙawayenta mawaƙa, in bar ta ta sa nawa a ƙarshe. Na ce sam. Ta ce ashe Dije ta fi ta daraja. Na yi tunani na ga shekaru sun ja, wanda ke shan magani safe da yamma bai kamata ya yi ta ajiya ba.

Na ce, "To amma da sharaɗi. Ki ce waƙar mutanen da ta, ba ki san mai ita ba. Kuma ki riƙe ta da kyau, kar ki yi man irin ta Dije."

Ta ce, "Haba Kaka, ga shi na sa a waya. Waya ba ta mantuwa."

Ranar suna bayan la'asar tsakar gida ta cika da mata. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ɗauko lasifika. Babu turmi ko ɗaya, shinkafa ce a kuloli. Ƙawayen Nafisa suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin unguwa na cewa ikon Allah, wasu na matsar ƙwalla a ɓoye. Malama na can gefe tana rabon abinci, ba ta zauna ba tun safe. Da aka zo kan mai jego sai ta taso da lallenta da kwalliyarta, ta ɗora mini jaririn a hannu, ta ce in riƙe mata. Na karɓa ban kawo komai a raina ba. Ta karanta tata, ta kira sunan ɗanta na fari a lasifika ko gezau, ta yabi uwarta, aka tafa. Sannan ta ce za ta rufe da wata tsohuwar waƙar daka. Ta ɗauko:

Ruwa na zuba, jirgi na kuka,
Taz zo ba ta jira an kai ni gida ba,
Mai tsoron zakara, mai son ƙanzo,
Mai riƙon kunnena in za ta kwana,
Ranar da anka hau da ita Galadi,
Nono ya cika, babu mai sha,
Wa nika kira ba a jiya ba?

Tun daga "mai tsoron zakara" na ga hannun Malama ya tsaya a kan kula. Da aka ambaci Galadi ta ajiye cokali. Ba ta juyo ba, ta dai tsaya.

Nafisa ta ce, "Wa nika kira ba a jiya ba?" Ta tsaya. Ta sake faɗa. Ta duba wayar, ta juya ta, ta ɗaga kai sama, ta dafe goshi. Sannan ta ce a lasifika, "Wayyo, jama'a, na manta ƙarshen."

Ƙarya take yi. Daga inda nake ina hango rubutun a wayar, ga kuma dariya na rawa a gefen bakinta. 'Yar banzar yarinya, ashe tun ranar da na ba ta labarin Dije ta ƙulla mini. Na harare ta, ta kau da kai. Na ce a raina ko za a kwana a nan ba zan tanka ba, ni da na riƙe kunyata shekara da shekaru ba a taɓa kama ni ba. Mata suka fara 'yan surutai, wata ta ce a duba wayar mana. Nafisa ta sauko da abin maganar daidai bakina kamar hannunta ne ya gaji. Sai na dubi Malama. Tana tsaye jikin ginshiƙin rumfa, ta ba ni baya, kanta a ƙasa, mace mai jikoki, tana jira ko za a zo kanta.

Muryata ta tsufa, ta fita da rawa kamar turmin gidan Malam, amma ta fita, lasifika kuma ta kai ta har titi:

Hauwa'u nika kira, Hauwa'u,
Kulu ɗiyata, ta hwarin hwari.

Wata tsohuwa 'yar Zurmi da ta san abin da aka yi ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Na nemi abin rufe fuska, babu faifai a gidan, mayafina ya zame, hannuwana biyu na riƙe da jariri, ƙafafun gudu kuma sun daɗe da yin ritaya. Dole na zauna da fuskata a buɗe. Malama ta juyo a hankali, ta ratso kujerun nan, ta zo ta durƙusa a gabana, idonta jawur, tana murmushi.

Ta ce, "Na'am, Inna."